Rajistar yara masu larurar CP: a fara daga Jos ta Arewa, kada a jira Abuja

Duk wanda ya taɓa zama a asibitin yara ranar da ake ganin masu larurar ƙwaƙwalwa ya san yadda layin yake. Uwa ta goyo yaro ɗan shekara shida, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, sun harɗe kamar almakashi, ta ƙara zani na biyu ta tallafe masa wuya don kada kan ya faɗa baya. Wata daga Gangare ta hau Keke Napep, wata daga Bukuru, wata kuma tun asuba ta taso daga Mangu. Likita ya duba, ya rubuta haruffa biyu a kati, CP, ya ƙara da cewa yaron ya sha wahalar haihuwa, ya tura ta sashen gashin ƙashi, inda masu gashi ke motsa wa yaro gaɓoɓi. Kati ya koma ɗakin ajiya. In ta dawo, to. In ba ta dawo ba, babu mai sanin ko yaron ya fara zama, ko kwatangwalonsa ya goce, ko ya rasu kafin damina ta zagayo.

CP gajeren suna ne na larurar da likitoci ke kira serebral falsi. Rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar yaro tun tana tsiro, ko yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, ya bar shi da matsalar motsi da riƙe jiki. Raunin kansa ba ya ƙaruwa, amma abin da yake jawowa yana ƙaruwa in an yi sakaci, domin ƙashi na tsawo, naman da ya sandare kuwa ba ya bin sa. A Hausa ba mu da suna ɗaya tsayayye. Wani ya ce galahanga, kalmar da ake jibga wa larurori uku ko huɗu da ba abin da ya haɗa su. Wani ya ce shan inna ce, alhali ita shan inna ƙwayar cuta ce da ke barin ƙafa a sake, ba a sandare ba. Wasu har yau raɗa suke yi cewa ɗan ruwa ne, su ɓoye shi a ƙuryar ɗaki.

Ra'ayina shi ne jihar Filato ta buɗe rajistar waɗannan yara, ta fara da ƙaramar hukuma ɗaya, Jos ta Arewa, ta bi su gida-gida, kuma ta ɗaure rajistar da kulawa ta yadda duk yaron da aka rubuta zai ga amfanin rubutun a jikinsa. Jiran sai an ƙaddamar da rajistar ƙasa baki ɗaya a wani otal a Abuja ɓata lokaci ne. Irin wannan aiki daga ƙasa yake tashi.

Wani zai ce ai ana bincike, jami'o'inmu sun cika da rubuce-rubuce a kan CP. Gaskiya ne, amma a duba yadda ake yin mafi yawansu. Mai bincike ya shiga ɗakin ajiyar kati, ya zaro fayil na shekara uku ko biyar, ya ƙirga, ya fitar da kaso. Abin da ya ƙirga shi ne waɗanda suka iya kawo kansu babban asibiti: masu kuɗin mota, masu dangi a gari, da waɗanda farfaɗiya ta tilasta wa iyayensu fitowa. Yaron da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya kawai suka sandare, yana ɗingishi yana zuwa makarantar allo, ba ya cikin fayil. Wanda jikinsa ya yi tsanani har uwar ta gaji da ɗauka, shi ma ba ya ciki. Ga kuma maganar musabbabi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya. Saura babu takarda, babu awon nauyi, babu wanda ya duba agogo. Bayan shekara huɗu sai a tambayi uwa, "Ya yi kuka da ya faɗo?" Ta ce bai yi ba, ko ta ce ita ba ta cikin hayyacinta a lokacin, sai a rubuta wahalar haihuwa. Ta haka kalma ɗaya ke haɗiye bakwaini, da ciwon da ya kama jariri tun yana ciki, da ciwon shawarar da ya zo a kwana na uku.

Rajista ta gaskiya tana da iyaka a ƙasa. Ana cewa duk yaron da ke zaune tsakanin nan da nan, mai wannan larura, za a nemo shi, ko ya taɓa zuwa asibiti ko bai taɓa ba, kuma za a ci gaba da bin sa. Yammacin Ostireliya ta fara haka tun shekarun 1970 ƙarƙashin Farfesa Fiona Stanley, kuma daga can aka gano cewa a wurinsu shaƙewar jariri wajen haihuwa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na musabbabin larurar ba. Ƙasashen Turai suka haɗa rajistocinsu a 1998 don su riƙa magana da ma'auni ɗaya. Ostireliya ta haɗa na jihohinta a 2008, kuma da shi ne take iya nuna cewa larurar ta sauka daga yaro ɗaya cikin 400 zuwa kusan ɗaya cikin 700. A yau ƙiyasin ƙasashe masu arziki ya kai kusan 1.6 cikin kowace haihuwa dubu, na ƙasashe irin namu kuwa wajen 3.4.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Suwidin. A 1994 likitocin ƙashi da masu gashi a kudancin ƙasar suka gaji da ganin yara na zuwa da kwatangwalo a goce, suka buɗe rajistar da ke kiran kowane yaro awo a kan lokaci. Gocewar kwatangwalo ta faɗo daga kashi 8 cikin 100 zuwa rabin kashi ɗaya. Ba sabon magani suka samo ba. Jadawali ne, da hoton ƙashi, da mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya lura wane ne bai zo ba.

Kada a ce wannan sai mai kuɗi. Bangaladesh ta buɗe tata a 2015 a gundumar Shahjadpur, karkara ce ta manoma da masaƙa, ta samu 3.4 cikin yara dubu, ta kuma gano cewa sai yaro ya kai kusan shekara biyar ake sanin abin da ke damunsa, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin mai gashi ba. A Yuganda, a yankin Iganga da Mayuge, an tantance yara fiye da dubu talatin aka samu 2.9 cikin dubu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga ciwon da ya zo bayan watan farko, galibi zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Da aka bi yaran na 'yan shekaru, sai aka ga mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran yara kusan sau 25. A nan gida ma, wani bincike a jihar Kuros Riba da aka buga a 2020 ya shiga cikin al'umma ya tabbatar da yara 388, wato kimanin 2.3 cikin dubu. Sai dai Kuros Riba ba Filato ba ce, yanayi ya bambanta, al'adun haihuwa da na jego sun bambanta, kuma hoto ɗaya aka ɗauka aka tashi. Abin da ake nema shi ne ido da zai zauna.

Yanzu ga yadda aikin zai kasance a Jos. Matakin farko shi ne masu kawo labari. Ana zaɓo mutanen da suka san gidajen unguwa ciki da bai: ungozoma, malaman Islamiyya da na firamare, matan zumunta na coci, masu kyamis, masu unguwanni, da matan da suka yi shekaru suna bin gidaje da allurar shan inna. Waɗannan na ƙarshe dukiya ce da muke bari tana lalacewa. Tun kafin a ayyana Najeriya ta rabu da shan inna ta daji a watan Agustan 2020, an riga an gina tsarin da ke sa labarin duk yaron da ƙafarsa ta saki ya isa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma cikin kwanaki. Horo na yini ɗaya ya isa, da hotuna, da Hausa mai sauƙi: yaron da ya wuce wata huɗu bai riƙe wuya ba, ya wuce wata tara bai zauna ba, ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba, mai dunƙule hannu ɗaya kullum, mai sandarewa in an ɗauke shi, mai dalalar yawu da ƙwarewa wajen cin abinci. A ba su mako huɗu zuwa shida su kawo sunaye.

A nan ake fara yin kuskure. In aka ce za a biya mai kawo labari a kan kowane yaro, jerin zai kumbura da duk mai ɗingishi a unguwa. A biya shi kuɗin mota da na yini, daidai da kowa. Duk da haka za a kawo waɗanda ba CP ke damunsu ba, kuma a Jos da yawansu masu gwame ne da ƙafar baka. Kada a kore su hannu rabbana. A garin nan aka yi binciken da aka buga a 1999 wanda ya nuna wa duniya cewa lanƙwasar ƙafar yaranmu ta fi alaƙa da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci fiye da ƙarancin bitamin D, kuma maganinta mai araha ne. A ba su, a tura su inda ya dace, a rubuta su a wani littafi dabam. Uwar da aka sallama da wani abu a hannu ita ce za ta gaya wa maƙwabciyarta ta fito da nata.

Sai kuma abin da duk ɗan Jos ya sani ko da ba a faɗa a taro. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, garin ya rabu, kuma akwai uwar da ba za ta tsallaka wata unguwa da yaro a baya ba ko kyauta ake rabawa. In aka kafa wurin tantancewa ɗaya, rabin gari kawai za a ƙirga. Dole a kai shi asibitin sha-ka-tafi na kowace mazaɓa, Unguwar Rogo da ranarta, Tudun Wada da ranarta, Kabong da ranarta, masu kawo labari kuma su fito daga masallaci da coci. Waɗanda ba su iya fitowa, tawaga ta bi su gida da rakiyar mace 'yar unguwa.

Tawagar tantancewa ba ta bukatar taron jama'a: likitan yara, mai gashi, nas, da mai shigar da bayanai. Yaro ɗaya na cin minti talatin zuwa arba'in in za a yi abin kirki, don haka kada a tara fiye da ashirin a yini. Takardar ma kada ta wuce shafi biyu, domin takarda mai shafi goma sha biyu rabinta fanko take dawowa. Abin da ba makawa a ciki shi ne nau'in larurar, ko ta sandarewa ce a ɓari ɗaya ko ɓari biyu, ko ta murɗe-murɗen da yaro ba shi da iko a kai, ko ta tangaɗi. Sai matakin motsi a ma'aunin GMFCS da aka fitar a Kanada a 1997. Matakai biyar ne: na ɗaya yana tafiya ba cikas, na biyu yana tafiya amma sai ya dafa wajen hawa bene, na uku sai da sanda ko abin turawa, na huɗu keke ne abin yawonsa, na biyar ko kansa ba ya iya riƙewa. Ma'aunin ba ya bukatar na'ura, kuma shi ke sa likitan Jos da na Dhaka su fahimci juna. Sai farfaɗiya, ji, gani, magana, haɗiya, nauyi, awon dantse, da ko yana zuwa makaranta.

Tarihin haihuwa shi ya fi bukatar natsuwa. Ina aka haihu, wa ya karɓa, naƙuda ta kwana nawa, cikin wata nawa ne, tagwaye ne, idon jariri ya yi rawaya, a kwana na nawa, me aka yi masa a gida, an sa kafur a kayansa, ya yi taune-taune, an kwantar da shi. Kowace amsa a sa mata alamar inda ta fito, daga takardar asibiti ko daga bakin uwa. Wannan ɗan gurbi shi zai hana a mayar da zato ya zama ƙididdiga. In ba a san musabbabi ba, a rubuta ba a sani ba, babu abin kunya a ciki. Yaron da ya taɓa tafiya da magana sannan yake ta komawa baya wata bayan wata, wannan wata larura ce dabam, a tura shi bincike, kada a cusa shi cikin rajista don a cika lamba.

Shekarun shiga rajista na da sarƙaƙiya. Turawa ba sa tabbatar da yaro sai ya kai shekara huɗu ko biyar, domin kafin nan kamannin larurar na iya sauyawa. In muka kwafi wannan yadda yake, za mu rasa waɗanda suka fi tsanani, don da yawansu na mutuwa da wuri, kamar yadda Yuganda ta nuna. Mafita ita ce rajista mai ƙofa biyu. Ƙofar farko ta wucin gadi, ga duk jaririn da aka sallamo daga ɗakin jarirai bayan shaƙewa, ko shawara mai tsanani, ko sanƙarau, ko bakwaini, da duk ƙaramin yaron da ake zargi. Waɗannan a riƙa yi musu gwajin jijiyoyin jarirai na Hammersmith a wata uku, shida, tara da goma sha biyu. Abubuwa 26 ake dubawa, maki 78 ne, ba na'ura, minti goma ya isa ga wanda ya ƙware, kuma mai gashi ko nas na iya koyo. Ƙofa ta biyu ita ce tabbatarwa a shekara biyar.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kashe rajista waɗanda ba a koyar da su a aji. Yaro ɗaya zai shigo sau uku: Muhammadu a asibiti, Abba a gida, Mamman a bakin mai unguwa. In ɗan fari ne, uwar ba za ta faɗi sunansa ba saboda alkunya, sai ta ba da laƙabi ko ta juya ta dubi ƙanwarta. Ranar haihuwa kuma sai a ce "bayan Babbar Sallah" ko "lokacin kullen korona". Don haka a tanadi kalandar abubuwan da kowa ke tunawa, azumi, Kirsimeti, bikin Nzem Berom, zaɓen 2019 da na 2023, a riƙa cusa haihuwar tsakaninsu. A haɗa sunan yanka, laƙabi, sunan uwa, sunan uba da mazaɓa kafin a ba da lamba, a ba uwa kati mai lambar ta ajiye tare da katin rigakafi. Lambar waya ɗaya ba ta isa ba, layi na mutuwa, waya na ɓata. A karɓi uku, ciki har da ta wanda ba ya ƙaura, kamar mai shagon bakin layi, a kuma rubuta kwatancen gida yadda ɗan acaɓa zai gane. Manhajoji irin su KoboToolbox da REDCap na aiki ba intanet, a tura in an dawo ofis. Tsarin DHIS2 da asibitocin gwamnati ke cikewa duk wata jimilla yake karɓa a yadda aka saba amfani da shi, ba ya gaya maka ko mutum goman da aka gani a Maris su ne goman Afrilu.

Babban ciwon kai shi ne abin da za a raba da shi. In ka samu yara ɗari uku, cikin yara nawa? Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 an ɗage, Jos kuwa ta sha ƙaura da cika tun daga lokacin. Lissafin da ake yi don allurar rigakafi ya kan zo da ƙari. Abin yi shi ne a zaɓi mazaɓu biyu ko uku a ƙirga yaransu gida-gida, a yi amfani da su wajen gyara sauran. Akwai kuma dabarar gane yawan waɗanda suka kuɓuce. A ce asibitoci na da sunaye 100, masu kawo labari sun kawo 150, aka tarar 60 suna cikin jerin biyu. A ninka 100 da 150 a raba da 60, ya ba da 250. Waɗanda ke hannu 190 ne, ke nan akwai wajen 60 da ba a gani ba, sai a koma nema. Lissafin ba cikakke ba ne, amma ya fi bugun ƙirji cewa an samu kowa.

Duk wannan ba zai ɗore ba in iyaye ba su ga komai ba. Mutanenmu sun gaji da rubuta suna. An zo da riguna masu tambari, an ɗauki hoto, an yi alkawarin keke, an tafi. Tun ranar farko a faɗa musu gaskiya: babu maganin da ke warkar da wannan larura, babu kuɗin da za a raba, amma ga abin da ke akwai. Mai farfaɗiya za a daidaita masa magani da nauyinsa, domin abin da aka fi gani shi ne yaro ya girma, adadin maganin na nan yadda aka rubuta shekara biyu baya, sai a ce magani ya daina aiki. Mai ƙwarewa za a koya wa uwarsa ta zaunar da shi a miƙe, haɓa a ɗan sunkuye, kunu mai kauri da ƙaramin cokali, kada a kwantar da shi a yi masa ɗura, domin ɗurar nan ita ke kai abinci huhu ta jawo ciwon haƙarƙarin da ke kashe su. Wanda shawara ta taɓa a gwada jinsa, don ta kan tafi da ji ta bar hankali garau, a yi ta ɗaukar yaro mai basira a matsayin wanda ba ya fahimta. Masu mataki na uku zuwa na biyar a yi musu hoton kwatangwalo sau ɗaya a shekara har su kai shekara takwas, kamar yadda Suwidin ke yi. A hoton ana auna kaso nawa na kan ƙashin cinya ya fita daga kwarminsa. In ya haura 30 cikin 100 a matsa sa ido, in ya haura 40 a kai wa likitan ƙashi. A mataki na biyar kusan tara cikin goma na fuskantar wannan zamewa, kuma a ɓoye take tafiya har sai ranar da uwa ta kasa buɗe ƙafafun yaro ta yi masa tsarki saboda ihu.

Jerin sunayen kansa makami ne. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta kafa hukuma a Abuja, Filato na da tata hukumar, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, jihar kuma na da PLASCHEMA, hukumarta ta inshorar lafiya. Kowaccensu in ka je da kuka za ta tambaye ka su nawa ne, suna ina. Mai rajista yana da amsa, har da mazaɓa da matakin larura, wanda ke nufin ana iya yin odar kujeru daidai jikin yara maimakon rabon keken manya ga ɗan shekara huɗu.

Sirri kuwa ba abin wasa ba ne a garin da ake fasa aure saboda an ji akwai irin wannan yaro a gida. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, kuma na yaro sai da izinin iyaye. A nemi izinin da harshen da uwa ke ji, Hausa ko Berom ko wani, a kuma samu maigida, domin sau da yawa uwa ta yarda, uba ya ji daga baya ya hana. Sunaye su zauna a wuri ɗaya a kulle, masu bincike lamba kawai za su gani, kuma sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Hoton yaro ba zai hau Facebook da sunan wayar da kai ba. A kwamitin da ke riƙe da rajistar a sa iyaye biyu ko uku masu ƙuri'a, tare da ma'aikatar lafiya, hukumar lafiya matakin farko, da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Albashin mai kula da rajistar da mai shigar da bayanai ya fito daga kasafin jiha. In tallafin waje ne ke biyansu, ranar da tallafi ya ƙare kwamfutar za ta koma ƙarƙashin tebur.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne a ce kuɗin nan gara a sayi fitilun da ake haska wa jarirai masu ciwon shawara, da kayan farfaɗo da jarirai. Ina girmama wannan magana, domin mafi yawan CP ɗinmu abin da ake iya hanawa ne. Jaririn da bai yi numfashi ba cikin minti na farko, robar hura iska da hannun da ya ƙware sun ishe shi. Allurar maganiziyam salfet da ke kowane ɗakin haihuwa don jijjigar masu ciki, in aka yi wa mai naƙudar da ba ta kai mako 32 ba, tana rage CP da kusan kashi ɗaya cikin uku. Uwa mai jinin da ba shi da sinadarin Rh tana bukatar allurar da ke kare jariranta na gaba daga shawara cikin awa 72 bayan haihuwa. Kafur da ake zubawa cikin akwatin kayan jariri, da man shafawa mai mentol, da lalle, suna fasa jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, abin da ya yawaita a yaranmu maza. Wani haɗin gwiwar asibitoci da ya haɗa da Jos, Kano da Zariya ya nuna cewa uwayen da aka koya wa gane shawara tun suna awo sun fi kawo jarirai da wuri, kuma taɓuwar ƙwaƙwalwa ta ragu ƙwarai a cikinsu. To amma fitilar a ina za a ajiye ta, unguwar Nasarawa ko Naraguta? Kafur ne ya fi yi mana ɓarna ko doguwar naƙuda a gida ko zazzaɓi mai jijjiga? Bayan shekara biyar da sayen kayan, wa zai ce sun yi aiki? Fitila ma tana iya ci alhali haskenta ya mutu, in ba a auna shi ba. Mai sayen kaya ba lissafi yana iya dacewa, amma ba zai taɓa sanin ya dace ba.

Aron sakamakon wasu ma na da haɗari. Sanyaya jikin jaririn da ya shaƙe zuwa digiri 33.5 na awa 72 ya zama ƙa'ida a Turai da Amurka domin yana ceton ƙwaƙwalwa. Da aka gwada shi a kan jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladesh, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage nakasa ba, mutuwa ma ta fi yawa a cikin waɗanda aka sanyaya. Ba don sun gwada a ƙasarsu ba, da sun ci gaba da sayen na'urar suna ganin alheri suke yi.

Gurbin da ya fi wuyar cikewa a takardar shi ne na mutuwa. Iyaye ba sa kiran asibiti su ce yaro ya rasu, an yi jana'iza kafin la'asar, shi ke nan. Don haka duk wata shida mai kula da rajista ya kira kowane gida, in layi bai shiga ba mai kawo labari ya taka. In an yi rashi, a je gaisuwa tukuna, ba da takarda a hannu ba. Bayan an share makoki, kamar mako shida, sai nas ta koma ta zauna da uwar ta tambayi yadda ciwon ƙarshe ya kasance: tari ne da haki, jijjiga ce da ta ƙi tsayawa, zazzaɓi ne, ko ramewa ce a hankali, an kai asibiti, in ba a kai ba me ya hana. A shigar da amsar da kwanan wata, a rufe lambar yaron, kada a goge ta, domin rahoton ƙarshen shekara zai bukaci a san su nawa aka fara da su a watan Janairu.